Waƙa Ta Wa Ce, Mai Bayarwa Ko Masu Amshi?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba, in yi wa jama'a zancen wani faifan garmaho da na daɗe ina saurare, har ya sa ni tunani.

Faifan nan ya fito a ƙasar Amurka cikin watan Agusta, 1967. Sunansa Greatest Hits, watau zaɓaɓɓun waƙoƙin da suka fi farin jini, na waɗansu zabiyoyi uku baƙar fata da ake kira Supremes. Fayafayai biyu ne cikin jaka ɗaya, waƙoƙi 20. Daga cikinsu guda 10 duk sun hau matsayi na ɗaya a lissafin jaridar Billboard, wadda ke jera waƙoƙin da suka fi kasuwa kowane mako. Shi kansa faifan ya yi mako 5 yana kan gaba.

To, ga asalinsu. A birnin Detroit na maƙeran motoci, cikin gidajen da hukuma ta gina wa talakawa, waɗansu 'yan mata 'yan makaranta suka haɗa ƙungiyar waƙa a 1959. Da fari su huɗu ne, daga baya suka rage uku: Florence Ballard da Mary Wilson da Diana Ross. A 1961 Berry Gordy, mai kamfanin Motown, ya ɗauke su, amma ya ce sai sun canja suna. Aka kawo jerin sunaye, Florence ce ta ɗora yatsa a kan Supremes. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Shekara uku suna fid da waƙa ba ta karɓuwa, har abokan aiki suka riƙa yi musu ba'a. Sai a 1964 aka ba su Where Did Our Love Go, ta hau kan gaba cikin watan Agusta. Daga nan ƙofa ta buɗe. Baby Love ta bi, har a Ingila ta zama ta ɗaya. Sa'an nan Come See About Me, da Stop! In the Name of Love, da Back in My Arms Again. Biyar ke nan a jere, ba wadda ta faɗi, duk cikin abin da bai kai shekara guda ba.

Wanda ya kasa kunne sosai zai ji hannu da yawa cikin waƙoƙin nan. Mutum uku ke tsara su, Brian Holland da ɗan'uwansa Eddie da Lamont Dozier. Akwai makaɗan kamfanin, cikinsu har da James Jamerson mai kaɗa garayar nan ta Turawa mai babbar murya, waɗanda a zamanin ba a ko rubuta sunansu a jikin faifai. Sautin nan kamar takun tafiya da ke buɗe waƙar farko, wani saurayi ne yake buga ƙafa a kan katako. Akwai kuma wata dattijuwa, Maxine Powell, mai koya musu yadda ake tafiya da zama da gaisuwa a gaban manya. Gordy ya taɓa aiki a masana'antar motoci, shi ya sa ya tsara kamfaninsa bisa wannan fasali, kowa da ƙusar da yake ɗaurawa.

Muryar Diana siririya ce mai zaƙi, tana ratsa rediyo sarai, don haka Gordy ya yanke shawara ita kaɗai za ta riƙa ba da waƙa. A wajen ciniki bai yi kuskure ba, ba na musun wannan. Amma fa Florence ita ce mai ƙaƙƙarfar murya a cikinsu, a dā kuwa juyi suke yi, ita ce ma ta ba da Buttered Popcorn a 1961. Ga ta an mai da ita 'yar amshi a ƙungiyar da ta raɗa wa suna. Abin ya ci mata rai, ta shiga shan giya, wani lokaci a neme ta wurin wasa a rasa. Laifinta ba a ɓoye yake ba. Cikin watan Yuli, 1967, aka sallame ta, aka sa Cindy Birdsong a gurbinta.

Ga inda abin ya tsaya mini a rai. Bayan wata guda faifan nan ya fito, muryar Florence na cikin mafi yawan waƙoƙinsa, amma sunan da aka buga a kai shi ne Diana Ross and the Supremes. An tattara amfanin gonar shekara huɗu, ɗaya daga cikin manoman tana waje, an kuma rubuta sunan ɗaya a bakin rumbu. Ni da na saba da aikin rajista na san abin da aka rubuta shi ke zama, abin da aka bari kuwa sai a mance. Ku ɗauki Baby Love ku cire amshin nan da ke bin Diana a baya, ku ji abin da zai saura.

Al'amarin bai tsaya nan ba. Waƙoƙi biyu na ƙarshe da suka cika lissafinsu zuwa 12, Love Child ta 1968 da Someday We'll Be Together ta 1969, ba Mary ko Cindy a cikin amshinsu. Waɗansu mata dabam aka ɗauko suka yi, aka buga sunan ƙungiya a kai. Diana ta fita a watan Janairu, 1970, ta ci gaba ita kaɗai, ta ƙara ɗaukaka.

Florence kuwa ta gwada waƙa ita kaɗai abin bai yiwu ba. Gidanta ya salwanta, har ta koma karɓar taimakon hukuma ita da 'ya'yanta mata uku. Ta rasu ran 22 ga Fabrairu, 1976, a Detroit, tana da shekara 32. Mary Wilson ta riƙe ƙungiyar har 1977, kana a 1986 ta rubuta littafi ta ba da labarin ƙawarta filla-filla. Da aka shigad da Supremes zauren girmama mawaƙa na Rock and Roll a 1988, sunaye uku aka kira, na Florence na ciki, shekara 12 bayan an binne ta.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu Mai Garmaho