Hayaniya a ƙauye: wa za a kai wa ƙara?

Wata gwaggota, tsohuwa mai fama da hawan jini, tana zaune a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kuje. Bara aka buɗe gidan kallon ƙwallo jikin katangarta, da janareto da lasifika biyu, sai ƙarfe ɗaya na dare ake tashi. Da na ce ta kai ƙara, sai ta yi murmushi ta tambaye ni: “Wurin wa? Kuma in na kai, da wane ido zan dubi uwar yaron gobe a bakin rijiya?” Har yau ban sami amsar da za ta gamsar da ita ba.

Ba doka ce babu ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa’idojin taƙaita hayaniya na ƙasa, waɗanda suka bambanta iyakar ƙara ta rana da ta dare. Birnin Tarayya yana da tasa hukumar kare muhalli, AEPB. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke ɗorewa cikin ɗakin barci ta wuce desibel 30. Amma duk wannan magana ce ta awo, awo kuwa sai da na’ura. Wa zai ɗauki na’ura daga cikin birni ya tafi wani lungu na Kwali ko Abaji da tsakar dare domin tsohuwa ɗaya?

Abin da ɗan ƙauye ya sani shi ne mai unguwa da dagaci. Su ne ke sasanta rikicin gona da na aure, kuma sau da yawa kalmarsu ta fi takarda tasiri. Sai dai mai injin niƙa ko mai kiɗan biki yakan zama ɗan ɗan’uwan dagacin, ko surukinsa. Idan lasifikar ta wurin ibada ce, to magana ta ƙare tun ba a fara ba, domin mai ƙorafi zai wayi gari da sunan maƙiyin addini. Shi ya sa ake haɗiye abin a ce haƙuri, alhali tsoro ne.

Akwai kuma ƙarar da ta fi ƙarfin dagaci da shugaban ƙaramar hukuma gaba ɗaya: nakiyar masu fasa dutse. Ma’adinai suna hannun Gwamnatin Tarayya, daga nan lasisi yake fita. Mazauna Mpape sun daɗe suna kuka da wannan, amma sai da ƙasa ta girgiza a Satumbar 2018 aka ji an dakatar da aikin na wani lokaci.

A nan ne nake da magana da mu ma’aikata, musamman masu tsayawa kusa da manya. Da yawanmu tsadar haya ta kora mu waɗannan ƙauyuka. Idan hayaniya ta dame mu, waya muke ɗagawa mu kira wani babban ɗan sanda, kafin magariba an kashe injin. Mun sami barci, amma mun koya wa maƙwabta cewa shiru na mai hanya ne. Ni ma na yi wa gwaggo tayin haka, ta ƙi, kuma yanzu ina ganin ta fi ni gaskiya.

Abin da ya kamata mu tura daga teburanmu ba shi da tsada. Kowace ƙaramar hukuma tana da duba-gari, jami’an da tun asali aikinsu ne hana abin da ke cutar da lafiyar maƙwabta. A ba sashensu na’urar awon ƙara, a ba su kuɗin mai na fita da dare. A buɗe rajistar ƙorafi wadda ba za ta bayyana sunan mai ƙara ga wanda ake ƙara ba. Dagaci ya ci gaba da sulhu, amma a rubuta lokacin da aka amince za a kashe lasifika, duba-gari ya sa hannu. Ƙorafin fasa dutse kuwa, ƙaramar hukuma ta riƙa miƙa shi a rubuce ga NESREA da ma’aikatar ma’adinai, da wa’adin amsa.

Gwaggo dai ta koma kwana a ɗakin baya, inda take ajiye hatsi.