Sharhi: Rana ma tana da lokutan fushinta

Duk mai kama labarai ta gajeren zango a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui ya san irin daren da muryar mai labarai kan dushe, ta dawo, ta sake nutsewa cikin ƙugi. Sai a ɗora wa batir laifi, a yi ta juya eriya. Wani lokaci kuwa daga rana matsalar ta taso.

Rana takan yi aman wuta mai ɗauke da lantarki. Idan ya doso duniya, cikin kwana ɗaya zuwa uku zai daki maganaɗisun da ya lulluɓe ta, ya hargitsa sashen sararin sama da muryar rediyo ke tunkara ta dawo ƙasa. Wannan ita ce guguwar maganaɗisu. Irin wannan guguwa ce ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na awa tara ranar 13 ga Maris, 1989.

Ku lura da watan. Guguwar ta fi yawa a Maris da Afrilu, sai Satumba da Oktoba, lokacin da dare da yini ke daidaita tsawo. A 1973 masana biyu, Russell da McPherron, suka bayyana dalili: a waɗannan watanni karkatar duniya kan sa maganaɗisunta ya fi buɗe wa iskar lantarkin da rana ke fitarwa ƙofa. Ga kuma zagayen shekara 11, da baƙaƙen tabo ke ƙaruwa a fuskar rana sannan su ragu. Zagaye na 25 ya soma a Disambar 2019, kuma guguwar 10 ga Mayu, 2024 ta fi kowace ƙarfi tun 2003.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu da ke dab da layin ikwaita muna da namu kason, amma ba kasafai ake zancensa ba. Bayan magariba sararin samanmu kan yamutse, saƙon tauraron ɗan Adam ya rinƙa yankewa, GPS ɗin direban da ya ɗauko kaya daga Duwala ya kauce. Hakan ya fi tsanani a waɗancan watanni, da shekarun da rana ta hasala.

Kuma Bangui ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Tun shekarun 1950 cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ta kafa tashar auna maganaɗisu a birnin. Ƙarƙashin ƙasar yankin ma akwai ɗaya daga cikin manyan wuraren da maganaɗisu ya saɓa wa al'ada a duniya, sunan Bangui aka raɗa masa, har yau ana muhawara kan asalinsa.

Tashoshin awo sun yi wa Afirka kaɗan. Ya kamata Jami'ar Bangui da takwarorinta na Kano da Yamai su riƙe wannan aiki da hannunsu, su horar da yaranmu, domin hasashen da aka yi da awon Turai ba lallai ya dace da samaniyarmu ba.