Zafin da Ba Ma Rubutawa a Kan Jakara

'Yan uwa marubuta, duk sanda muka sako Jakara a labari, wari da baƙin ruwa muke zayyanawa. Mu 'yan Madabo ma haka, da yake hanci ne ya fara sanar da mu ita. Zafin ruwan kuwa ba ma ko kula shi.

Masu rinin zamani tafasa ruwa suke yi, in sun gama su kwarara shi kwata da tiririnsa. Na masana'antun Bompai ta Getsi yake bi, ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. Ruwa in ya ɗumama, iskar da kifi ke shaƙa raguwa take yi: lita guda a digiri 20 tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 sai 7.5. Ga shi zafin ƙara wa kifin buƙatar iskar yake yi.

Wani zai ce ai dama Kano garin zafi ce. To shi ya sa ma! A watan Afrilu ɗan ƙari kaɗan ya isa. Ramin da ruwa zai kwana ya huce kafin a sake shi bai fi ƙarfin kowace masana'anta ba. Mu kuma zuwa Wasai mu zauna da masunta bai fi ƙarfin kuɗin motarmu ba.