Soyayya da Rashi a Fina-finan Hausa: Ina Labarin Jos?

Ko shakka babu, soyayya ce ginshiƙin fina-finan Hausa tun daga fitowar Turmin Danya a 1990. Ni dai da Hausa ba harshen gidanmu ba ne, da yawan kalmomin da nake taƙama da su a aji daga bakin 'yan wasa na tsince su a Kuru, don haka ba na cikin masu cewa waɗannan fina-finai ɓata lokaci ne. Ƙorafina a wani wuri yake.

Mai karatu, duba abin da ke juya rayuwar masoya a cikinsu. A Sangaya na 1999, Yarima ne ya kamu da son baiwar gidansu, bambancin matsayi ya shiga tsakani. A Wasila na 2000, matar aure ce ta ci amanar mijinta, gida ya watse. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa, Sumayya 'yar masu kuɗi ta faɗa rijiya saboda an hana ta talakan da take so. Sauran kuma ai mun haddace su: auren dole, makircin kishiya, haɗarin mota, sai ciwon zuciya da likita zai fito ya sanar yana girgiza kai. Duk suna faruwa, ban musa ba. Haɗarin mota ma ya ci masana'antar kanta, domin shi ya ɗauke Balaraba Muhammad a 2003 ana kai ta ɗakin miji, ya kuma ɗauke Ahmad S. Nuhu ranar 1 ga Janairun 2007.

To amma ina rashin da mu mutanen Filato muka sani? Rikicin 7 ga Satumban 2001 da na Nuwamban 2008 da na 2010 sun raba Jos gida biyu, unguwar Musulmi daban, ta Kirista daban. A Janairun 2010 daga cikin rijiyoyi aka riƙa zaro gawawwaki a Kuru Ƙarama, a watan Maris kuma aka yi wa mata da yara kisan gilla a Dogo Nahawa. Sumayya an ciro ta da rai. Waɗannan ba su samu haka ba. Akwai wanda aka sa wa ranar aure bai ga ranar ba. Akwai saurayin da budurwarsa tana nan da ranta, amma unguwarsu ta zama wurin da ba ya iya taka ƙafa. Akwai gwauruwar da ke renon 'ya'yan da dangin uba da na uwa suka daina gaisawa. In dai labarin da ke sauya rayuwar mutum dare ɗaya ake nema, me ya fi wannan?

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, Jos ba baƙuwa ba ce a harkar fim. A nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, ga kuma makarantarta ta koyar da sana'ar. Sani Mu'azu da Nafisa Abdullahi 'yan garin ne, Ali Nuhu da aka naɗa shugaban hukumar a 2024 a Jami'ar Jos ya yi karatu. Da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta matsa a 2007, nan wasu suka yo ƙaura da kyamarorinsu. Sai dai mafi yawa duwatsunmu da sanyinmu suke so, a hau dutse a yi rawa da waƙa a sauko.

Na san abin da furodusa zai ce: maganar tana da zafi, kada a fama tsohon miki, kuma wa zai sayi kuka? Tsoron farko gaskiya ne, domin fim ɗin da ya ɗora laifi kan ɓangare guda gara ba a yi shi ba. Amma ba hoton ƙone-ƙone nake roƙo ba. A nuna mana washegari: yadda ake mayar da kayan lefe, yadda maƙwabci ya ɓoye maƙwabcinsa a ƙarƙashin gado. Batun kasuwa kuwa, Hausa ce Birom da Angas da Bafulatani suke ciniki da ita a Bukur, kuma dukkansu sun yi jana'iza a shekarun nan.