Lafiyar Iyali: Yawan Tashi Fitsari Da Dare

Mai karatu, sau nawa kake tashi fitsari kafin asuba? Sau ɗaya ba komai, balle in ka sha shayi da dare. Amma sau uku, sau huɗu, kullum? To, muna roƙonka kada ka ce tsufa ne kawai.

Ƙoda mai lafiya takan rage fitsari sa'ad da muke barci. In ta soma gajiya sai ta kasa, mafitsara ta yi ta cika. Abin tsoron, ƙoda ba ta yin zafi da wuri. Ciwon sukari da hawan jini ne suka fi cinye ta a ɓoye.

Ka je asibiti a auna fitsari da jini, musamman in fitsarin yana kumfa ko ƙafafu sun kumbura. Ban da jiƙo tukuna, gama wani jiƙon ƙara wa ƙoda wahala yake yi.