Rigimar tarihin Armeniyawa a Wikipedia da darasin da ke ciki ga ƴaƴanmu

A yau in malami ya ba yaro aikin bincike a kolej ko lise, abu na farko da zai yi shi ne ya ɗauki wayar salula ya rubuta tambayar, kuma sau da yawa shafin da zai fara buɗewa na Wikipedia ne. Ya kwafe, ya kawo aji, yana ganin wani babban masani ne ya zauna ya rubuta. Alhali tun kafa ta a 2001, ƴan sa-kai ne ke rubuta ta, kowa na iya ƙarawa ko ya goge. A kan duwatsu da tsirrai da lissafi, hakan ba ya yawan kawo matsala. Amma akwai batutuwan da kowace jimla a cikinsu sai da aka kwashe shekaru ana ja-in-ja kafin ta tsaya. Tarihin Armeniyawa na cikin waɗanda suka fi zafi, kuma ina ganin ya kamata malamai da ma'aifa su san yadda ake faɗan, domin a nan ne mutum ke gane yadda ake dafa abin da ƴaƴanmu ke haɗiya.

Rigimar tana da tushe biyu. Na farko abin da ya faru a Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda bai kamata a haɗa ta da ta Sakkwato ba. Ranar 24 ga Afrilu 1915 aka kame manyan Armeniyawa a Istanbul, daga nan aka shiga kwashe jama'arsu daga garuruwansu ana kora su zuwa hamadar Siriya. Kisa da yunwa da ƙishirwa suka cinye tsakanin mutum dubu 600 da miliyan 1 da rabi, gwargwadon ƙiyasin masana. Mafi yawan masana tarihi sun kira shi kisan ƙare-dangi. Faransa ta amince da haka a 2001, majalisar Jamus a 2016, shugaban Amurka a 2021. Gwamnatin Turkiyya ta yarda cewa mutane da yawa sun mutu a lokacin yaƙi, amma har yau ta ƙi wannan suna.

Tushe na biyu yankin Nagorno-Karabak ne, wanda Armeniyawa da Azarbaijan suka yi yaƙi a kansa daga 1988 zuwa 1994, suka sake gwabzawa kwana 44 a 2020, sannan a watan Satumba na 2023 Armeniyawa sama da dubu 100 suka fice daga yankin bayan sojan Azarbaijan sun karɓe shi. A can ko sunan gari magana ce. Wani ya ce Stepanakert, wani ya ce Khankendi. Wani ya ce Shushi, wani ya ce Shusha. Tsoffin majami'u irin su Dadivank da Gandzasar ma ana gardama a kansu: Armeniyawa da yawancin masana na waje suna cewa na Armeniyawa ne, hukumomin Baku suna danganta su da wata tsohuwar al'umma da ake kira Albaniyawan Kokas. Wanda ya ci gardamar wa ya gina, yana ganin ya ci gardamar ƙasar ta wa ce.

Duk wannan ya kwararo cikin Wikipedia. Wannan ya rubuta, wancan ya goge, na farko ya maido, a yi ta haka dare da rana. Akwai dokar da ta hana mutum ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24, sai wasu suka koma buɗe asusun bogi da sunaye daban-daban, ko su kira ƴan uwansu daga waje su zo su cika wuri. A Wikipedia ta Turanci akwai kwamitin sasantawa da marubuta ke zaɓa, wanda shi ne kotun ƙarshe. Sau uku ana kai rigimar Armeniya da Azarbaijan gabansa: sau biyu a 2007, sai kuma a 2023. An kori wasu, an hana wasu taɓa batun, an ƙayyade wa wasu yawan soke-soken da za su yi, kuma hukuncin ya faɗa kan mutanen ɓangarorin biyu. Daga 2023 ma ba a barin kowa ya gyara waɗannan shafuka sai wanda asusunsa ya kai kwana 30 kuma ya yi gyara 500.

Wanda ke ganin wannan wasan yara ne, ya dubi abin da ya sami Taner Akçam, masanin tarihi Baturke, ɗaya daga cikin na farko a ƙasarsu da suka fito fili suka kira abin da sunansa. A watan Fabrairu na 2007, wata guda bayan an harbe ɗan jarida Hrant Dink a Istanbul, jami'an Kanada suka tsare Akçam kusan awa huɗu a filin jirgin Montreal. Kamar yadda ya bayyana, abin da aka nuna masa takarda ce da aka buga daga shafinsa na Wikipedia, inda wasu maƙiyansa suka shiga suka rubuta cewa ɗan ta'adda ne. An iya goge ƙaryar daga shafin, amma ta riga ta isa hannun hukuma.

Abu biyu nake so in ja hankali a kai. Na ɗaya, kwamitin nan ba ya yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya a tarihi. Halin marubuta kawai yake dubawa: wa ya yi zagi, wa ya yi maguɗi, wa ya murɗe abin da littafi ya faɗa. Wannan yana da kyau, tun da ba ma so mutum goma sha su zauna su yanke wa duniya tarihinta. Amma akwai rami a ciki. Mai gaskiya da ya fusata yana iya shan kora, mai son zuciya da ya iya lafazi, ga haƙuri ga lokaci, ya zauna daram. Saboda haka shafin da ya lafa ba lalle ne ya zama shafin da ya daidaita ba.

Na biyu, adalci a tarihi ba rabon gado ba ne da za a ce kowa ya ɗauki rabi. In masana da suka tona takardun Turkawa da na Jamusawa da na Amurkawa sun haɗu a kan cewa an yi kisan ƙare-dangi, ba a ajiye musun gwamnati a gefe guda a ce sun yi kunnen doki. A faɗi musun, a faɗi mai yin sa, a bar shi a matsayinsa. Kuma ma'aunin ɗaya ne ga kowa. An kashe Armeniyawa a Sumgait a 1988, an kashe fararen hula ƴan Azarbaijan a Khojaly a watan Fabrairu na 1992, inda gwamnatinsu ke cewa mutum 613 ne. Marubucin da ke kuka da ɗaya yana ɓoye ɗaya, ɗan kamfe ne ko daga wane ɓangare ya fito.

Na san akwai malaman da ke cewa a hana yara Wikipedia baki ɗaya a huta. Ban goyi bayan haka ba. Hanin ba zai yi aiki ba, wayar tana aljihunsu. Sannan littafin da muke karantarwa da shi a aji ma mutane ne suka rubuta, sun zaɓi abin da za su sa da abin da za su bari, sai dai ba mu ga gardamarsu ba. Wikipedia kuwa ta bar tata a buɗe, kuma wannan kayan koyarwa ne da ba a biya ko dala.

Ga abin da nake ba abokan aiki shawara. A ɗauki awa ɗaya a buɗe shafin kisan Armeniyawa na Faransanci tare da ɗalibai. A shiga inda aka rubuta « Discussion » su ga yadda ake jayayya, a shiga tarihin gyare-gyaren su ga wa ya canza me da kuma yaushe. A bi ƙananan lambobin nan zuwa ƙasan shafi a duba ko littafin masani ne, ko jarida, ko sanarwar ma'aikatar wata ƙasa. Sannan a buɗe labari ɗaya a harsuna biyu ko uku, tun da kowane harshe da nasa marubutan da nasa dokokin, a sa yara su fitar da bambancin da kansu. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya, da wuya ya sake kwafe shafi ido rufe.

Ma'aifa kuma ba sai sun iya Faransanci ba. In yaro ya zo da labari daga waya, a tambaye shi wa ya faɗa, ina ya samo, kuma me ɗaya ɓangaren ke cewa. Tambayar nan uku ta isa, kuma tana aiki har a kan saƙonnin murya na WhatsApp da ke yawo cikin gidajenmu.

Mu ma muna da shafukanmu a can. Abin da rundunar Voulet da Chanoine ta aikata a Birnin Konni a 1899, da turjiyar Sarauniya a Lugu, suna cikin Wikipedia, kuma dokarta ta fi karɓar abin da aka buga a takarda fiye da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Wanda ya zo da hujja rubutacciya, ya iya gardama ba tare da zagi ba, ya kuma daure, shi ake saurara. Akwai Wikipedia ta Hausa da ke jiran hannu. In muna so gobe a sami ƴaƴanmu cikin masu rubuta waɗannan shafuka, daga aji ne za mu fara koya musu kawo hujja da sauraren abokin gardama.