Aitana, ƴar wasan tsakiya

In an tashi daga wasan ƙwallo, yara ba su tambayar kome sai wanda ya ci. Shi ake ɗauka a kafaɗa, shi ake yi wa kirari. Wanda ya miƙa masa ƙwallon kuwa, ba mai tunawa da shi. Wannan ba adalci ba ne. Labarin Aitana Bonmati ya isa shaida.

An haifi Aitana a shekara ta 1998, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Barsalona, cikin ƙasar Ispaniya. Iyayenta malamai ne. Tana da shekara 7 ta shiga ƙungiyar ƙwallon garinsu, ita kaɗai mace cikin maza. A 2012 ƙungiyar Barsalona ta ɗauke ta cikin ƴan matanta. In an tashi daga makaranta, sai ta shiga mota da jirgin ƙasa ta tafi horo, ba ta komowa gida sai da dare. Haka ta yi ta yi har 2016, lokacin da ta shiga cikin manya.

Aitana ba doguwa ba ce, ba ta kuma da jiki. Tsawonta bai wuce mita 1 da santimita 62 ba. To, da me take wasa? Da ido da tunani. Wurinta tsakiyar fili, tsakanin masu tsaron baya da masu kai hari. Tun ƙwallo bai iso ba, ta riga ta waiga hagu da dama. Ta ga wadda aka tsare, ta ga wadda ke sake. In ƙwallo ya zo, ba ta ɓata lokaci. Kamar uwar gida take wajen rabon tuwo: ta san kwanon kowa, ta san wanda za a fara ba. Wani lokaci ma baya take mai da ƙwallon, ƴan kallo su yi tsaki. Ba tsoro ba ne. Jira take abokan hamayya su matso, ƙofa ta buɗe.

A 2023 aka yi gasar kofin duniya ta mata a Ostareliya da Niyu Zilan. Ranar wasan ƙarshe Ispaniya ta ci Ingila 1 da 0. Ba Aitana ta ci ba, Olga Karmona ce, mai tsaron baya. A gasar duka Aitana ƙwallo 3 ta ci, wata ƴar Japan ta ci 5. Amma da aka tashi zaɓen wadda ta fi kowa wasa, Aitana aka ba. Masu zaɓen sun ga abin da yara ba su dubawa.

Wani zai ce ai ita ma tana ci. Gaskiya ne. A watan Yuni na 2025 wani irin sanƙarau ya kwantar da ita a asibiti, ana sauran kwanaki kaɗan a soma gasar Turai. Ta warke, ta bi ƴan uwanta. A wasan kusa da ƙarshe, da Jamus, an kai minti 113 ba wanda ya ci. Aitana ta lura mai tsaron gida ta bar ɗan wuri tsakaninta da ƙarfe, ta aika ƙwallo nan. Ko wannan cin, ido ne ya yi shi.

A wasan ƙarshe, da Ingila, aka yi kunnen doki, aka je bugun fanalti. Aitana ta buga, mai tsaron gida ta tare. Ingila ta ɗauki kofi. Duk da haka Aitana aka zaɓa gwanar gasar. A wannan shekara kuma ta karɓi kyautar Ballon d'Or, wato ƙwallon zinariya, karo na uku a jere. Kafin ita ba macen da ta taɓa yin haka.